Baba Dogara Ya Jingine Tsani

Kowace safiya, kafin kasuwar Ogbete ta cika, za ka ga Baba Dogara yana ratsa layukan unguwar Coal Camp da tsani a kafaɗa, idonsa na sama. Sai ya gama duba rufin gidanka kafin ya gaishe ka. Haƙar kwal ce ta kawo shi Inugu daga Kagoro, amma ya bar rami ya koma gyaran jan tayil na yumɓu da aka rufe tsofaffin gidajen unguwar da shi. Bana gwiwa ta ƙi, ya ce ya daina hawa.

Kowa da abin da zai tuna, amma ba kamar gidan Manu mahauci ba. A daminar shekarar samun 'yancin kai, matarsa Ramlatu tana jego ɗakinta ya fara yoyo. Manu yana mayanka, sai maƙwabciyarsu Eunice ta kira Dogara. Ana yayyafi ya tuɓe takalmi ya hau.

Yana ɗaga tayil ɗin da ya tsage ya ji layin gaba ɗaya ya motsa. Ashe gara ta cinye katakon da ke riƙe da su. Ɗakin ba silin, ga jaririya can ƙasa a kan gado, daidai saitin wurin. Ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu ya tallafe katakon.

"Mai jego," ya ce, muryarsa kamar mai neman ruwan sha, "ɗauki 'yar nan ki kai wa Eunice."

"Barci take, Baba. Yanzu na samu ta kwanta."

"Na sani. Ɗauke ta dai, a hankali."

Daga baya Eunice ta ce tana tsakar gida ta hango kafaɗarsa na rawa saboda nauyi. Ramlatu na ƙetare bakin ƙofa hannunsa ya gaza, tayil suka zube a kan gadon. Ramlatu ta sulale ƙasa rungume da 'yarta. Shi kuwa ya ɗaure hannunsa da ya yage da tsumma, bai sauko ba sai da ya sa sabon katako ya jera wasu tayil. Ranar suna, Manu da kansa ya kai masa cinyar rago har gida.

Baba Dogara, kai ne ba ka taɓa tambayar coci mai gida yake zuwa ko masallaci ba kafin ka hau. Kai ne kake komawa bayan ruwan farko ka tambaya ko rufin ya ɗiga.

Mun gode, kuma mun gode wa Allah da ya sauko mana da kai da ƙafafunka. Ku matasan unguwa, ku je ku zauna kusa da shi ku koya tun yana iya nuna muku. Damina ba za ta jira gwiwarsa ta warke ba.