Limancin Cikin Bargo

A aji an koya mana cewa iftiraƙi shi ne jama'a su tsage gida-gida a kan addini, kowa na ganin shi ne a kan daidai. Na haddace, har na ci jarrabawa. Amma ban san ma'anar ba sai da abin ya taɓa mini tuwo.

Mu uku ne ɗalibai a wani ɗan gida a unguwar Darrasa, a Alƙahira. Bazazzagin cikinmu mai ƙabalu ne, shi ke da garin kuka. Bakatsinen sadalu yake yi, daddawa kuma a akwatinsa take. Ni nawa tuƙi. Shekara guda muna salla a masallaci, ba wanda ya kalli hannun wani.

Sai aka sa dokar hana fita a 2013, magariba ta dawo gida. Wa zai ja salla? Bazazzagi ya ce ba ya bin mai sakin hannu. Bakatsine ya ce shi ma ba ya bin mai naɗewa. Aka zubo littattafai, aka yi ta jifa da hujja, daga ƙarshe kowa ya kulle akwatinsa. Mako uku muna cin ful, wato dafaffen waken Masar, da gurasa. Na rame, raina kuma ya ɓaci, don ni da tuwo ba ma wasa.

Wata magariba na ce, “Khalas, ya isa haka, malamai, yau ni ne liman.”

“Kai wanne kake yi?” in ji Bakatsine.

“Yalla, ku taso, lokaci na tafiya.”

Na jawo bargon sanyi, a tsakiyar zafin Alƙahira, na lulluɓa tun daga kafaɗa har gwiwa, na ta da kabbara. Ba mai ganin inda hannuwana suke. Suka bi. Kafin sallama na jiƙe sharkaf, amma ranar an kaɗa miyar kuka da daddawarta, muka ci a kwano ɗaya.

Yanzu duk mun dawo gida. Kowannensu na da masallacinsa da mabiyansa, ko gaisawa ba sa yi, abin yana ci mini rai. Sai dai duk wanda ya kira ni a cikinsu, bayan gaisuwa sai ya ce, “Don Allah, a bargon nan, ina hannunka yake?”

Ban taɓa faɗa ba. Ran da na faɗa, ɗaya zai daina kira.