Takalmin Ɗan Takari

Ban taɓa sanin ƙafata abin magana ba ce sai da na shiga wasan tarihi a Riyad. Lokacin ina wankin mota a unguwar Manfuha. Wani direba da nake wanke wa mota ya ce ana neman baƙaƙen fata a wani ƙauyen laka da aka gina a bayan gari, inda ake kwaikwayon zamanin da Larabawan nan ke yaƙar juna a kan raƙuma. Jama'a na zuwa kallo, ana kuma ɗauka a bidiyo. Muka tafi da abokin kwanana, wani Badamagare mai dogon wuya, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya saka maka da tsokana.

Ni aka zaɓa, saboda bakina ba ya mutuwa. Zan fito a Ɗan Takari, wato mahajjacin ƙasarmu da ya taho a ƙasa, yaƙi ya tare masa hanya, ya shiga gaban amirin gari yana neman mafaka. Magana ɗaya ce tal da Larabci, amma tawa ce. Badamagare kuwa aka zaunar da shi a kasuwar wasan yana sayar da dabino, bakinsa a rufe, da sharaɗin in na gaza shi zai maye.

Mai kula da sutura Bamisire ne, tef ɗin awo a wuya kullum. Ya ba ni riga, rawani, gora da sanda, sannan ya dubi ƙafata. Ya zazzage akwatunansa kaf, babu takalmin da ya shige ni. Ya ce wannan ƙafar raƙumi ce, in je in nemo da kaina kafin Alhamis: fata zalla, ba roba, ba gam, ba ɗinkin inji, ba rubutun kamfani. In ban samo ba, ƙafar abokina daidai take da abin da ke akwati.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. Ina ajiye tsumma sai kasuwar Batha. Na shiga shago na fita shago, ko'ina takalman Larabawa masu ado a sama, ka juya ƙasan ka ga roba da rubutun Sin. Duk wanda na ɗauki hotonsa na tura wa Bamisire, amsa ɗaya ce, la, wato a'a. Wani ɗan Bangaladash da ya ji na ambaci yaƙi ya ruga ciki ya fito mini da but ɗin soja. Na ce masa ni ba soja ba ne, ni ne wanda sojan ya koro. A kasuwar gwanjo na samu na tayar mota irin na ƙauyenmu, na ce yau dai an gama. Bamisire ya aiko da murya yana tambaya ko mahajjacin nawa mota ya tsinta a sahara ya yanke mata ƙafa.

Na koma ba na ganin fuskar mutane, ƙafa kawai nake bi da ido. A ƙofar masallaci na tsaya ina leƙen takalman jama'a, har wani dattijo ya dawo ya ɗauke nasa ya shiga da su a hammata. A ɗaki kuma Badamagare ya haddace maganata, yana shiga wanka sai ya riƙa rera ta da ƙarfi, har da shessheƙar kuka.

Da abin ya ishe ni na kira kakata a Maraɗi, don mahaifinta a ƙasa ya je Makka. Ta ce ashe mijin nata yana raye, ta zaci wata Balarabiya ta yi gaba da ni. Na ce ta bar kishi ta faɗa mini wane takalmi tsohon yake sawa. Ta yi dariya har da tari.

"Fade ne, na fatar sa, shimfiɗaɗɗe da igiya. Amma wa ya ce maka sawa yake? A wuya yake rataya shi. Ƙafa in ta tsage tana warkewa, takalmi in ya tsinke a daji wa zai ɗinka maka?"

Ban kula da ƙarshen maganar ba, siffar kawai na ɗauka. Wani tsohon baduku ɗan Yaman a lungun Batha ya tsayar da ni kan kwali ya zana ƙafata, yana girgiza kai, kwalin ma da kyar ya isa. Da hannu ya ɗinka. Sai kuma ya fito sabo fil, ga shi ana son na wanda ya keto duniya. Na jiƙa shi da shayi, na shafe shi da mai, na tumurmusa shi a ƙasa, na yi ta zagaye Manfuha da shi har ya sale mini yatsu. Ranar Alhamis Bamisire ya juya shi, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Har ya roƙi mai kyamara ya faro ni daga ƙafa.

Aka ce yalla, a fara. Na ratso kasuwa ina dogara sanda, na iso ƙofar amir. Na san mutumin sarai, tsohon direban tasi ne, ɗazu na gan shi yana latsa waya. Amma da na hango farin gemu zaune kan darduma, mutane kewaye da shi, ƙafata ba ta shawarce ni ba. Na tuɓe takalmin a bakin ƙofa, na shiga na durƙusa, na faɗi maganata.

Mudir, wato mai ba da umarni, ya tsayar da komai. Bamisire ya ɗora hannu a ka. Ta gefen ido na ga Badamagare ya miƙe yana gyara rawani. Mudir ya tambayi wa ya ce in cire. Ni da ake roƙo in yi shiru, ranar sai da na lalubo harshena.

"Haka muke shiga gaban babba. In na shiga da shi, ko daga nan uwata sai ta ji a jikinta."

Mudir ya koma ya kalli abin da aka ɗauka, ya daɗe a kan ƙafafuna masu kaushi da sabon ciwo. Ya ce a bar shi haka, kuma ma tun daga farkon kasuwa in taho ba takalmi. Bamisire ya kusa kuka, ya ce to fatar fa? Nan maganar tsohuwa ta faɗo mini, na ɗaure igiyoyin na rataya a wuya.

Na riƙe maganata har aka rufe wasan. Sai dai ƙasar wurin ko da la'asar kamar kaskon suya take, ni kuma kullum sai na ratsa ta a hankali, don an ce mai gajiya ba ya sauri. Badamagare na zaune a inuwa, ƙafarsa cikin takalmin akwati. Duk sanda na zo wucewa sai ya tofar da ƙwallon dabino daidai inda zan taka, ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya motsa leɓe ba:

"Alhaji, sannu da hanya. Takalmin nan na sayarwa ne?"