Sista Nyokabi, Mai Tambayar Launin Bayan Gida

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, Allah ya yi wa Sista Nyokabi Gitahi rasuwa a gidanta da ke garin Karatina a ƙasar Kenya, tana da shekara sittin da tara. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya a Nairobi. Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka bi ta hannunta, kuma da bakina nake faɗa: bashin rai ba a biyansa, sai dai addu'a.

Sista, kin san ba ki burge ni ba da farko. An zura mini siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, aka ƙona wuraren da ke rikita bugunta, aka sallame ni da maganin tsinka jini. Na ɗauka an gama. Ashe kowace Juma'a, har mako shida, sai kin kira duk wanda aka yi wa irin wannan aikin a waya, tambayarki guda: wane launi ne bayan gidanka? Ni da na yi shekara ashirin ina shugaban makaranta, a tsare ni da wannan magana!

Mako na uku ya zo daidai da ranar da dangin saurayin 'yata Wangeci suka kawo awakin aure. An yanka, an gasa mutura, hanjin nan da muke cusa wa nama da jini. Na ci har na manta da likita. Da Juma'a ta zo ina zaune cikin dattawa wayarki ta shigo.

"Baban Wangeci, wane launi?"

"Haba Sista, ina cikin mutane."

"Su ma suna yi. Wane launi?"

Na koma bayan rumbu na ce baƙi ne ƙirin, amma mutura ce, kowa ya san aikinta.

"Yaushe ka ci?"

"Asabar."

"Akuyar Asabar ce ke bin ka har yau? Haɗiya fa?"

Na ce tana ɗan yi mini zafi.

"Kada ka sake sa komai a baki, ko shayi. Shiga mota yanzu. In ka tsaya gardama, matarka zan kira."

Tsoron wannan kiran ne ya kai ni Nairobi, ba tsoron mutuwa ba.

A can na ji abin da ban sani ba. Bututun abinci yana jingine ne da bayan zuciya, kuma jefi-jefi zafin ƙunar kan taɓa shi ya bar gyambo. Nawa yana ta tsiyayar da jini a ɓoye, maganin da nake sha yana taimaka masa. Wani sabon likita ya so zura mini kyamara ta baki nan take, kika tsaya a ƙofa kika ce sai an ɗauki hoton ƙirji tukuna, domin in gyambon ya huda, iskar da ake hurawa za ta iya shiga zuciya. Hoto ya nuna bai huda ba, saura ƙiris. Bayan wata biyu ni na riƙe hannun Wangeci zuwa gaban coci, ke kuma kina layi na biyu kina hararata saboda farantin naman da ke jira na a wajen biki.

Ranar jana'izarki mun fi arba'in, mu 'yan Juma'a. Wani tsohon direba ya miƙe zai yi jawabi, ya buɗe baki ya ce, "Wane launi?" Aka fashe da dariya har limamin coci, muna yi muna share hawaye. An gasa mutura, na kuma ci, ba zan ɓoye miki ba. Washegari na duba kamar yadda kika koya mini, lafiya lau. Wadda zan kai wa rahoto ce babu.

Allah ya jiƙanki, Sista, ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alherin kowace Juma'a. Ga mijinki Baban Kariithi, da 'ya'yanki uku da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku yi alfahari da ita kamar yadda muke yi.