Hanyar Da Ta Fara Daga Ƙofar Gida

Ni direba ne, ɗan bafatake. A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori na ja Landirobar masu awon ƙasa, mutanen nan da ke kafa turaku suna leƙa madubi mai ƙafa uku. A wajensu na koyi kwanan daji da mota: jarkokin ruwa a dama, na mai a hagu, taya biyu a kan rufi, shebur, igiya, tanti, da wasu falankan ƙarfe masu huda-huda da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi. Turakun da aka kafa a ƙauyenmu ma a bayan motata suka zo. An sha tambayata yadda na ji. Wallahi ban ji komai ba, na sauke su na rufe ƙofar baya.

Da ruwa ya ci ƙauyen na ɗauko Baba na kawo shi wajena a Talata Mafara. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Wuni yake a kan buzu yana kallon katanga. Ba ya kiran sunana don ni ne ɗan fari, "Direba" yake ce mini, da 'yar muryar raini.

Wata safiya ina wanke mota ya fito, ya zagaya ta sau biyu, ya buga taya da sandarsa.

"Direba, wagga mota taka tana kai Azbin?"

"Tana kaiwa, Baba, in an ba ta mai."

Yana da ƙane a can. Tun suna samari suke fatauci da jakuna, su kai gero arewa su dawo da gishiri da dabino. A tafiyarsu ta ƙarshe ƙanen ya yi aure a bakin wata rijiya ƙarƙashin duwatsun Azbin, ya zauna, shekara talatin ke nan da ɗoriya.

"Mu biyu munka rage," in ji Baba. "Ina son in gane shi kahin ɗayanmu ya tahi."

Maigidana a wajen aiki mutum ne mai son daji, ya ce in ɗauki motar da hutun mako biyu. Wata guda muka yi muna shiri, kuma a watan nan Baba ya farfaɗo. Ya ce ruwan jarka warin mai yake yi, sai da aka ɗinka masa salka biyu. Ya sa aka yi kilishi, aka daka gero, aka soya ƙuli-ƙuli cike da buhu. Ni kuwa na sake birki, na nemo famfon taya, don a rairayi sassauta iska ake yi, in an fita a mayar. Ran da na shimfiɗa masa taswira ya dube ta, ya ɗora goronsa a kai ya ci gaba da magana.

Hanyar tana kansa, yadda madugunsu ya koya musu ita, kamar karatu. "Ka fita ƙofar gida da asuba, kuka a hannun dama. Hantsi ya riske ka a mashigi. Azahar, gawo uku. La'asar, tsamiya mai kogo, nan za ka ba gulbi baya." Haka zango bayan zango har rijiyar. In ka katse shi, ko tari ka yi, sai ya koma ƙofar gida ya faro.

Na ce mu bi kwalta ta Sakkwato mu tsallaka iyaka, mu kama hanyar daga tsakiya. Ya ce su ba su taɓa shiga manyan garuruwa ba, gudun masu karɓar haraji, kuma rijiyar ba ta da sunan da takarda ta sani. Ta tsamiyar nan ake ɗaukar saiti, wanda ya kuskure ta ya kuskure sauran duka.

"Baba, ƙofar gidan tana ƙarƙashin ruwa."

"Na sani. Ai gawo ba shi cikin ruwa."

Na san abin da katafila ta yi wa filin da yake nufi, don a gabana aka baje shi saboda noman rani. Ban faɗa masa ba. Ba tausayi ba ne, kada in yi wa kaina ƙarya. Na dai ga magana aiki ce, na koma ɗaure jarkoki.

Ran tafiya da yamma muka wuce Maradun muka kafa tanti a bakin ruwan. Baba ya nuna tsakiyar tabkin da sanda ya ce ga kuka can, ga mashigi can. Babu komai sai ruwa da wani mai kwalekwale. Muka yi magariba, muka ci kilishi.

Da safe ya ƙi tashi sai da hantsi ya yi, tunda hantsi ne lokacin mashigi. Muka shiga mota, na ja. Ko minti ashirin ba mu yi ba ya buga mini cinya.

"Kai! Tsaya! Ka wuce azahar!"

"Wace azahar kuma, Baba? Rana ko tsaka ba ta yi ba."

Ashe awonsa duk da tafiyar jaki ne. Dole muka koma inda muka taso. Ya sauka, ya gyara rawani, ya shiga gaba da ƙafa. Na sa ƙaramin giya na bi shi. Mota ɗauke da man da zai kai Azbin, da ruwan mako biyu, tana rarrafe bayan tsoho mai sanda. Masu aiki a gonaki suka miƙe suna dariya, wani ya ce ko turawa za a yi. A da da na sauko mun yi ta da mai maganar. Ranar ko kallonsa ban yi ba, ina duban allurar zafi kada inji ya tafasa.

Azahar ta riske mu a filin da aka baje, wajen Bakura. Ba gawo, ba ko kututture, sai gonaki murabba'i da magudanan siminti miƙaƙƙu. Baba ya yi alwala da ruwan salka, muka yi salla a inuwar mota. Ya ce ƙila tafiyarsa ce ta ragu, tsufa ne. Na ce ƙila.

La'asar ta same mu a bakin wata babbar magudana da mota ba ta iya tsallakawa. Ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi arewa, ya juya har sau biyu. Can nesa, bayan filin, akwai tsamiyoyi barjat, ko wacce kamar 'yar'uwarta. Na kashe inji na jira. Ya daɗe a tsaye kafin ya zo ya buɗe ƙofa da kansa.

"Direba, mu koma."

Tafiyar da ta ci mana wuni, cikin sa'a guda na hango Mafara. Tun da muka juyo ya rufe ido ya fara karatunsa, daga ƙofar gida. Kuka, mashigi, gawo uku, tsamiya. Ban yi tari ba. Ya wuce rijiyoyin da ban taɓa gani ba, ya ratsa rairayi, ya shiga duwatsu, bai tsallake zango ko ɗaya ba. Muna shiga gari ya iso rijiyar. Ya gyara zama, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya kira ƙanensa da sunan da suke kiransa a gida.

Sai ya yi shiru, daidai tsawon lokacin da mutum ke ɗauka ya taso daga ɗaki ya amsa. Wani mai keke ya gifta, na taka birki, na sake giya.