Hanyar Abhur: Ni da Bakur da Ƙungiyarmu Mai Ban Haushi

Ammariyya

Ba a kira sallar Asuba ba muka fito daga gidan Usman, ɗan kawuna, a unguwar Ammariyya. Na gama Umara, jirgina na gida washegari ne, abu guda ya rage mini a Jidda: in je Abhur in ga Bakur.

Yawancinku mutanen gida ba ku san Bakur ba. Haifaffen Jidda ne, kakansa Bakatsine ne da ya zo aikin Hajji bai koma ba. A Amurka muka haɗu muna tuƙa tasi a wani gari mai ƙanƙara a bakin tafki. Shi ya koya mini ƙwallon can, wadda ake rungumewa a gudu, ana jifa, ƙattai suna kayar da juna. Shi kuma ya liƙa mini ƙungiyar garin, abin da har yau ban gama yafe masa ba. Ba zan faɗi sunanta ba, kada yaranku su duba matsayinta a waya su zo suna yi mini dariya a ƙofar gida. Tun muna can aikinmu musu: ni ina caccakar shugabannin ƙungiya, shi yana kare su.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. 'Yarsa Samira ta kira ni ina Makka, ta ce ya daina yarda a motsa masa hannu yadda likita ya ce, ya juya wa kowa baya, abinci ma sai da lallashi. "Ammu Isa, in za ka zo, ka zo ranar Lahadi," in ji ta, ammu kuwa baffa kenan a Larabcinsu. "An kai wasan ƙungiyarku Turai, da yamma za a nuna. Wataƙila in ya gan ka a gefensa ya kalla."

Usman direban a-kori-kura ne a wani kamfanin sabulu. Ya ce, "Yaya, rakiya kawai za ka yi mini. Mu sauke katan-katan ɗin nan a Madinar Masana'antu, halas, shi ke nan, kafin Azahar kana Abhur." Masana'antu tana kudu, Abhur tana can ƙuryar arewa. Na san haka sarai, amma na shiga mota.

Mun yi sallah a wani ƙaramin masallaci a hanya, muka tsaya wurin mai ful, wato wake ne da aka dafa ya yi laushi aka zuba masa mai, da gurasa mai faɗi da suke kira tamis, da zafinta. Usman ya yagi gurasa ya ce, "Wai ƙungiyar taku tana ci kuwa?"

Da bai tambaya ba.

Na ce masa matsalarmu daga sama take. Mai ƙungiyar gado ya ci, ubansa ne ya gina ta. Shi bai san komai a wasan ba sai son kyamara, kuma ba a zaɓen ɗan wasa sai ya tsoma baki. Hankalinsa duk yana kan sabon filin da yake so a gina masa mai rufi. Filin me, alhali waɗanda za su shiga cikinsa ba su iya riƙe ƙwallo ba? Usman ya ce, "Kamar mudir ɗinmu kenan," yana nufin shugaban wurin aikinsu. Na ce aƙalla mudir ɗinku yana sayar da sabulu.

Madinar Masana'antu

Rana na fitowa muka isa. Wuri ne na dogayen rumbuna da manyan motoci jere, ƙamshin sabulu da warin dizal sun cakuɗe. Motar ɗaga kaya ta sito ɗin ta ƙi tashi. Aka ce a jira makanike. Makanike ya zo, aka ce mai sa hannu ya fita. Na zauna a kan wani benci a inuwar bango, gumi yana bin bayana, Usman yana zuwa yana dawowa yana cewa, "Shuwayya, Yaya, saura kaɗan."

Don kada in fashe da fushi a kansa, sai na juye shi a kan manajan ƙungiyarmu. Wannan mutumin shi ke saye da sayar da 'yan wasa. Muna da yaro guda mai cafe ƙwallo, duk inda aka jefa sai ya ɗauko ta ko da mutum biyu sun maƙale masa. Manaja ya sallame shi saboda ya nemi a kyautata masa. A madadinsa ya ɗauko wani tsohon mai tsaron baya da gwiwarsa ta riga ta gaji, ya haɗa da damarmu ta zaɓen sababbin yara daga jami'o'i ya bayar. Tsohon nan yanzu a gefen fili yake tsayawa da rigar sanyi, yana tafa wa wasu. Yaron da aka kora kuwa duk mako sai na gan shi yana rawar murnar ci a ƙarshen filin wata ƙungiya.

Usman ya ce, "To ka canza ƙungiya mana." Na harare shi.

Aka yi Azahar muna nan. Da aka gama sauke kaya, sai wayarsa ta yi ƙara: mudir ne, ya ce ya wuce tashar jiragen ruwa ya ɗauko wasu kaya yanzu-yanzu. Usman ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya zagaya bayan sito, ya dawo da wani dogon mutum mai rawani, ya ce, "Wannan Mamman ne, mutumin Damagaram. Ruwan gora yake kaiwa gidajen Abhur. Zai kai ka har ƙofa."

Hanyar arewa

Motar Mamman babba ce, cike da gorunan ruwa, na'urar sanyinta kuma iska mai ɗumi take hurawa. Mutum ne mai fara'a, kuma shi ma ɗan ƙwallo ne, amma ta ƙafa. Ya ce, "Alhaji, wannan taku da ake sa hular ƙarfe, wasa ne ko dambe?"

Na yi masa bayani a taƙaice: ana ba ka dama huɗu ka matsa gaba taku goma. In ka kasa, ka ba abokan gaba ƙwallo. Akwai mutum guda mai jifa, shi ne madugu. A gabansa ƙattai biyar suke tsayawa kamar katanga don kada a cim masa. Namu mai jifan yaro ne sabon ɗauka, hannunsa kamar majajjawa, sai dai bai damu da launin rigar wanda zai cafe ba. Na ce ni a ganina a zaunar da shi a benci tun bai ƙarasa mu ba.

"To wa ya fi iyawa a cikinku?" in ji Mamman.

Amsar abin kunya ce. Gwaninmu shi ne wanda ake kira ya buga ƙwallo da ƙafa ya tura ta nesa idan mun kasa. Ya ƙware ne saboda ba wanda ya kai shi samun aiki. Mamman ya yi dariya har ya bugi sitiyari.

A wata mahaɗa muka tarar da shingen 'yan sanda. Mamman ya miƙa iƙamarsa, takardar zama kenan, ni na miƙa fasfo da bizata. Jami'in ya duba, ya ce Allah ya karɓi Umara, ya ɗaga mana hannu. Binciken bai ɗauki komai ba, layin kafin a iso shi ne ya cinye mu. Muka yi La'asar a gidan mai, muka ci shinkafa da kaza a tsaye.

Abin da Usman bai gaya mini ba shi ne Mamman ba kai tsaye zai tafi ba. Tun daga bakin Abhur ya fara tsayawa gida-gida, manyan gidaje masu dogayen katangu da furanni suna leƙowa, ana jiyo ƙamshin teku amma ba a ganinsa. A kowace ƙofa sai an jira mai gadi. Samira ta kira ta ce an fara wasa, ta kunna talabijin, babanta ya rufe ido. Daga nan na tuɓe babbar rigata na shiga sauke goruna da kaina, ni da furfurata. Mamman yana cewa, "Alhaji, bari mana, bayanka!" Ni ina cewa, "Yalla, miƙo!"

Tsakanin gida da gida na ƙarasa masa da koci. Mutum ne mai kirki, kowa ya shaida, amma kirki ba ya karanta agogo. Yana da damar tsayar da lokaci, sai ya ƙone ta tun da wuri a kan abin banza, idan aka zo ƙarshe ana buƙata babu. 'Yan tsaronmu kuwa ba laifi, suna da zuciya, amma tun da masu kai harinmu ba sa daɗewa a fili, su ake bari a rana har ƙafafunsu su mutu.

Abhur

Ana shirin kiran Magariba Mamman ya ajiye ni a ƙofar wani bene. Mijin Samira a wani wurin shaƙatawa na bakin teku yake aiki, a nan kusa suka kama haya. Na hau sama da rigar ciki jiƙe da gumi, babbar riga a kafaɗa.

Na san Bakur ƙato ne mai cika kujerar tasi. Wanda na tarar a kujerar guragu rabinsa ne. Hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, bakin ya karkace. Na yi sallama, na kama hannun hagun. Ya dube ni, ya mayar da ido ƙasa. Duk maganar da na tanada tun daga Makka ta gudu. Na yi sallah, na jawo kujera kusa da shi, na fuskanci talabijin don ban san me zan yi ba.

An dawo hutun rabin lokaci, an fi mu da kaɗan. Na yi niyyar in zauna da natsuwa kamar mai dubiya. Ban kai ko'ina ba. Yaronmu ya ja da baya, ya ɗaga hannu, ya jefa ƙwallo cikin ƙirjin abokin gaba kamar saƙo aka ba shi.

Na miƙe tsaye. "Ka gani ko! A cire yaron nan! Wallahi ko Mamman mai ruwa ya fi shi saiti!"

Sai na ji an bugi hannun kujera. Na juyo. Bakur ne, da hannun hagu, idonsa a kaina. Leɓensa yana rawa, wuyansa ya ɗaure. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito, a murguɗe.

"Ka... tanga."

Samira tana shigowa da faranti, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Aka maimaita hoton jifan a talabijin a hankali. Ƙaton da ke gefen hagu ya bar mutuminsa ya wuce shi kamar an buɗe masa ƙofa, yaron ya jefa ne ana shirin murƙushe shi. Na ga haka, amma ban zo tun daga Masana'antu don in sallama ba. Na ce, "To na ji, katanga ce. Wa ya ƙi sayen ƙattan kirki? Wa ya kwashi komai ya bayar a kan tsoho mai gwiwa? Ba manajanka ba ne?"

Ya lumshe ido, ya buɗe, ya sake tattaro ƙarfi.

"Haƙuri."

Kalmar da ya shekara da shekaru yana kashe ni da ita kenan, tun muna layin tasi a filin jirgi. Na ce, "Haƙuri? Bakur, gashina baƙi ne lokacin da ka fara ce mini haƙuri!" Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na tsorata na zaci sarƙewa ce. Dariya ce. Samira ta ajiye farantin a ƙasa ta koma kicin da sauri, na jiyo ta tana kiran mijinta a waya, Larabci da kuka sun haɗe mata.

Haka muka ƙarasa wasan. Ni in yi magana ɗari, shi ya mayar da guda, wani lokaci ma bugun kujera kawai. Ana cikin haka Samira ta kawo kifi da jar shinkafa irin ta bakin teku, tana ba shi a baki, yana karɓa bai ma lura ba don idonsa yana kan fili. A ƙarshe muka matso kusa, bugu guda zai ba mu nasara, amma agogo yana gudu, koci kuwa ya riga ya ƙone damarsa ta tsayar da shi. Lokaci ya ƙare 'yan wasanmu suna rige-rigen jeruwa. Na riƙe kai. Na dubi Bakur ina jira ya kare wannan ma. Ya dubi silin. Bai ce komai ba, kuma na tabbata wannan shirun ba na ciwo ba ne.

Da zan tafi bayan Isha ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Na ce masa ya bari a riƙa motsa masa hannun nan, don ba zan yi musu da mai buga kujera da hannu ɗaya ba. Ya ɗaga kai sau guda.

Komawa gida

Mijin Samira ya mayar da ni Ammariyya. Da safe Usman ya kai ni filin jirgi, yana ta ba ni haƙuri har na ce ya daina faɗin kalmar nan. Muka sauka Kano lafiya, na kwana, na hau motar Gusau.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Usman da iyalinsa, da Mamman wanda ya ƙi karɓar komai sai addu'a, da Samira da mijinta. Ku sa Bakur cikin addu'a, jikin da saura sosai.

Mun wuce Funtuwa saƙon Samira ya shigo. Labari ne ta turo: mai ƙungiya ya tsawaita wa koci da manaja kwantiragi, su biyun duka. A ƙasa ga hoton Bakur, ya ɗaga mini babban yatsan hagu, rabin bakinsa yana murmushi. Na ja tsaki mai ƙarfi har direba ya rage gudu, ya tambaya ko an wuce da ni ne.