Yadda Na Kusa Kashe Abokina da Gaisuwa

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya faɗo kan wannan shafi. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na ƙaramar sakandare muka raba gari da boko, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku miƙar da shi. Sunana kuma ku bar shi kawai, waɗanda suka san maganar sun san ni.

Lokacin da abin ya faru ina acaɓa a Kazaure, ban fi shekara ashirin da biyu ba, bakina kuwa ya fi mashin ɗina gudu. Tsokana ce abincina. Na taɓa sa wani ɗan gayu ya sauka ya tura ni har saman hawa wai mai ya ƙare, da muka kai na buga mashin ya tashi, na ce masa motsa jiki lafiya ne. Duk majalisar da na zauna sai an yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma a ganina baiwa ce Allah ya ba ni.

Ina da aboki, bari in kira shi Ƙato. Unguwarmu ɗaya, tare muka yi wasan ƙasa. Dako yake yi, yana bin motocin hatsi kasuwa-kasuwa, yau Babura, gobe Roni, jibi Gwiwa. Buhun gero yakan saɓa shi kamar matashin kai. Wata safiya a teburin mai shayi ya wurgo mini tsinken igiya a ƙafa ya ƙwala ihun maciji. Wallahi ban san lokacin da na tsallake benci ba, shayi ya bi wando, takalmi ɗaya ya yi gabas. Aka yi ta dariya. Mako guda ba ni da suna sai farar kura. Shi kuma yana ta buga ƙirji wai ba a haifi abin da zai ba shi tsoro ba, wai zuciyarsa da dutsen Kazaure uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ni da nake yi wa mutane, ranar aka yi mini, kuma ban iya haɗiyewa ba.

Akwai wani tsohon wanzami da ke aski a gindin darbejiya kusa da inda muke jiran fasinja, Baba muke ce masa. Mutum ne mai maganganu, ya zauna da malamai da yawa a ƙuruciyarsa. A makon da aka yi mini abin igiyar na ji yana gaya wa wani da yake yi wa aski cewa zuciyar ɗan Adam kamar ruwan dam ɗin garin nan take, ba ta da launin kanta. In sama ta yi wasai, ruwan ya yi wasai, in hadari ya haɗo, ruwan ya yi baƙi, alhali ko ɗigo bai ƙaru a cikinsa ba. Wai abin da aka tsayar a gaban zuciya shi take ɗauka, jiki kuma bawanta ne, duk inda ta nufa sai ya bi. Mai hankali ya ji wannan sai ya ɗauki darasi. Ni dabara na ɗauka.

Ga inda na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Muna yara mahaifin Ƙato ya rasu, ciwo ya ci shi a hankali har ya zama ƙashi da fata. Wata rana a bayan makaranta Ƙato ya gaya mini yana kuka cewa abin da ya fara gani shi ne tafin hannun babansa ya yi fari fat, daga nan bai sake tashi ba. Ni kaɗai ya taɓa gaya wa. Wannan amanar na zaro na wasa ta kamar askar Baba.

Mu 'yan acaɓa mun san juna gari-gari, don muna miƙa wa juna fasinja. Na kira mutum uku a waya, ɗaya a Babura, ɗaya a Roni, ɗaya a Gwiwa, duk waɗanda Ƙato bai sani ba. Na kwatanta musu shi, ai ba ya ɓata, na kuma ba su labarin tafin hannun babansa. Na ce aikin ba wuya: ranar kasuwa ka je ka yi masa sallama ka ba shi hannu kamar kowa, amma kada ka saki. Ka juya tafin, ka ƙura masa ido, sannan ka tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Duk abin da ya ce, ka ce Allah ya sawwaƙe, ka yi tafiyarka. Na Babura har yana tambayata ko in ƙaton ya kai masa naushi ni zan sa masa haƙori. Muka yi dariya.

Na Babura ya fara. Ƙato ya dawo yana ba da labari a majalisa, wai wani mahaukaci ya riƙe masa hannu yana duba kamar boka. Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Bayan kwana uku na Roni ya yi nasa. Wannan karon bai ba da labari ba. Amma na gan shi yana wanke hannu a bakin famfo, ya daɗe yana wankewa, ya ɗaga tafin yana kallo a rana. Daɗi ya kama ni, na ce a raina dutse ya fara tsagewa. Na Gwiwa kuwa sai da ya ƙara gishiri. Bayan ya duba hannun sai ya saki da sauri, ya goge nasa a riga, ya ce masa shi ma yana da wani ƙanin uba da haka ya fara. Ban sa shi ya faɗi haka ba, amma da ya ba ni labari a waya har buga tankin mashin na yi don dariya.

Niyyata in bari ya kwana biyu cikin zullumi, sannan in fasa ƙwai a gaban mai shayi in karɓi sunana. Sai na ce bari in ƙara kwana ɗaya, ya daɗa nuna. A ranar aka ce buhu ya kuɓuce masa a Babura, ya durƙushe a gindin mota, sai da aka kama shi. Ƙato fa! Washegari bai fito ba. Da na je dubiya na same shi a zaure a kan tabarma, ya dunƙule hannuwansa a cikin hammata. Kwanon tuwo na gefe ba a taɓa ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai mahaifiyarsa ta leƙo da jajayen idanu tana yi mini sannu da zuwa, tana cewa ɗan albarka, kai kaɗai ne ba ka gajiya da shi. Sai na fasa. Na ce gobe.

Goben nan sai da ta kai mako uku. Aka kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka auna nan aka auna can, aka ce ba a ga komai ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce wa Inna damuwa ce, wai tsoro kaɗai yana iya hana mutum ci da barci har ya kwantar da shi. Ƙato ya ce ai haka aka ce wa babansa, ba a ga komai ba. Aka dawo gida aka shiga rubutu da hayaƙi. Mutumin da ke cinye malmala huɗu ya koma kurɓar koko cokali biyu. Wuyansa ya fito, idanunsa suka faɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, da na saci kallon tafin hannunsa, wallahi ya yi fari. Ƙaryar da na ƙirƙira da bakina ga ta nan kwance a hannun mutum, ta zama gaskiya.

Daga nan abin ya juyo kaina. Ina tuƙi sai in saki hannu ɗaya in duba tafina, sau biyu na kusa shiga ƙarƙashin tifa. Abinci ya daina wuce mini. In na kalli madubin mashin sai in ga kamar fuskar Ƙato ce ke kallona. Ko sallama aka yi a ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an zo faɗar rasuwa. 'Yan majalisa suka fara tambayata ko lafiya, wai na rame. Ka ji fa, tambayar da na aika a yi wa wani ita ce ta dawo mini, kuma ba wanda na aika.

Ranar da na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada ita ce wata Juma'a da hantsi. Ƙato ya aika a kira ni. Ya sa aka ɗauko takalmansa na sallah da 'yar rediyonsa ya tura mini. Ya ce in yafe masa maganar igiyar nan, wasa ne, bai san za ta yi mini ciwo ba. Ya ce in riƙa leƙa Inna in ba ya nan. Murya can ƙasa kamar daga rijiya. Ni ya nema wa gafara! Na fashe da kuka na faɗa masa komai, tun daga waya har zuwa Gwiwa. Kun san me ya yi? Murmushi. Ya ce Allah sarki, har yanzu ban daina ƙarya ba, amma wannan ƙaryar ta alheri ce, ya gode. Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce ai ya san ni, ko ranar da na ce mai ya ƙare sai da na rantse. Ya juya fuska bango.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Shekara da shekaru ina tara wa kaina sunan maƙaryaci ina alfahari, yau ga gaskiya ɗaya tak da za ta ceci rai, babu mai saye.

Na ruga wurin Baba wanzami na zube a gabansa na kwashe masa labari. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya gama wasa askarsa tsaf, sannan ya ce yaro, ka jefa dutse a ruwa kana neman ya kwanta da lallashi. Ya ce abin da baki uku suka ɗaura, baki ɗaya ba ya kwance shi, balle irin nawa bakin. In je in kawo su, ya gan su da idonsa, a tsaye a wuri ɗaya.

Nan ma wani tashin hankalin. Na Roni ya yarda nan take. Na Babura ya ce shi ba ruwansa, kada a mutu a ce da hannunsa, sai da na je har tasha na durƙusa masa a gaban mutane. Na Gwiwa ya kashe waya gaba ɗaya. Na bi shi har ƙauyensu, na same shi a gona yana yankan gero, na ce in bai hau mashin ɗin nan ba zan tsaya a ƙofar masallacinsu in faɗi abin da muka yi da sunansa. Duk hanyar dawowa addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa kada mu tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Washegari muka shiga zauren mu huɗu bayan la'asar, Baba na biye da sandarsa. Ƙato ya buɗe ido ya ga na Babura, ya ga na Roni, ya ga na Gwiwa, mutum uku da ya gani a garuruwa uku, ga su a jere kamar ɓarayin akuya. Ya daɗe yana kallonsu. Kowa ya faɗi yadda na kira shi da abin da na ce ya yi. Na Gwiwa ya ce shi ko ƙanin uba ba shi da shi. Sai Baba ya ce kowa ya buɗe hannunsa. Muka buɗe, har da Inna da ke bakin ƙofa. Ya ce wa Ƙato ya duba da kyau ya nuna masa wanda tafinsa baƙi ne a cikinmu. Ƙato ya bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro nasa daga hammata ya ajiye kusa da nawa. Nawa ma ya fi nasa fari.

Sai ya tambaye ni abu ɗaya, a hankali: maganar babansa, ni na gaya musu? Na ce ni ne. Ya juya ya ce wa Inna ko akwai sauran tuwo. Inna ta wuce ta gabana za ta ɗauko, ko kallona ba ta yi ba, kuma daga ranar ba ta sake ce mini ɗan albarka ba.

Ƙato ya tashi. Sai da ya yi wata biyu kafin ya koma dako, yanzu ƙarfinsa ya dawo, har ya yi aure. Na mayar masa da takalmansa da rediyo ta hannun Baba. Ya aiko a ce mini ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don in mun haɗu yana amsa sallamata. Amma shekara huɗu ke nan bai ba ni hannu ba. In na miƙa sai ya dafe ƙirjinsa ya wuce. Wani da suke lodi tare ya ce mini har yanzu in ya sauke buhu yakan ɗan juya tafinsa ya duba, da sauri, kamar ba ya so a gani.

Abin da na koya shi ne babu mai zuciyar dutse, duk ruwa ne, har da masu buga ƙirji. Ban haɗa Ƙato da boka ba, ban binne laya ba, ban sa masa komai a abinci ba. Gaisuwa uku ce kawai da sirrin da ya ba ni ajiya. Don haka 'yan'uwana 'yan majalisa, masu cewa mutum ya rame don a yi dariya, masu tsoratar da mai jinya da labarin wanda ya mutu, ku ji tsoron Allah ku san abin da kuke tsayarwa a gaban zuciyar mutane. Kuma ku rage ƙaryar wasa, ku bar wa bakinku ɗan mutunci, don akwai ranar da za ku buƙaci a yarda da ku. Ni har yanzu ina tsokana, hali zanen dutse, amma duk wanda na ba hannu, fuskarsa nake kallo in ce masa ya yi kyau.