Ɗanasabe da Ƙadangaren Injiniya

Duk Kiru an san yayana Ɗanasabe da kiwon zabi. Tun yana saurayi yake cusa kashin shanu da kara a tukunya, ya kife ta a kan shuri, da safe ya kwaso gara ya zuba wa 'yan tsaki. Shi ya sa bana na kai masa 'yan tsakin zabina, don a hannunsa ba sa mutuwa.

Da na je duba su, na tarar duk sun rame, wasu ma sun mutu. Shi kuwa yana tsugune gaban akwatin gilashi yana tsintar gara ɗai-ɗai. A ciki wani ƙaton ƙadangare ne mai ƙaya a wuya kamar gemu. Wai wani injiniya a Tiga ne ya bar masa amana.

Na ce, "Yaya, ƙadangare kake ba abincin zabina?"

Ya ce, "Hajara, rage murya, baƙo ne daga ƙasar waje. Gara mai jan kai cizonsa take, tanar fadama kuma ta sha maganin feshi. Farare masu taushi nake zaɓar masa."

"'Yan tsakin fa?"

"Su ai 'yan gida ne, sa ci ragowa."

Dattijo da furfurarsa, wai ƙadangare ne baƙonsa. Na kwashe 'yan tsakina a kwando, na haɗa da tukunyar garar na fito. Har na kai zaure ina jin sa yana ba ƙadangaren haƙuri.